Layin Gona a Cikin Tablo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ɗiyata, ina gaishe ki, tare da fatan mota ta sauke ki lafiya, kayanki ba abin da ya fashe, kuma kin sami ɗaki mai ƙofar da ke kulluwa. Allah Ya sa ƙasar Damagaram ta karɓe ki, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa, Ya tsare ki daga ciwon baƙunta da sharrin wanda ba ki sani ba. Innarki na gaishe ki, ƙanenki Laminu ma haka. Ba labarin gida ya sa na ɗauki alƙalami ba, don haka ba zan tsaya kansa ba.

Na sa takardar nan ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa don na san sai kin isa kin huta za ki kwance shi. Ke 'yar fari ce, ni da ke ba mu saba doguwar magana ba. Tun kina rarrafe, in baƙo ya tambaye ni ɗiyar wa ce, sai in ce ta gidan nan ce. Haka muka tarar ana yi, haka na yi. Amma rubutu sana'ata ce, da shi na ci abinci a meri, wato ofishin hukumar garinmu, ina yi wa mutane takardun haihuwa da na aure har na yi ritaya, don haka abin da ba zan iya faɗa miki ido da ido ba zan iya sa shi a takarda.

Kafin tafiyarki kin ajiye wayarki a bakin tabarmata, kika ce, "Baba, ka diba mini ko lissahin ya tahi daidai," kika fita. Na duba. Tablo ne irin wanda muke yi a kwamfutar buro, wato ofis, layuka a kwance, gidaje a tsaye, kowane wata da gidansa, a ƙasa kuma jimla tana taruwa da kanta. Kin yi shi da tsabta, har da launi. Formil ɗinki ba kuskure: abin da kika ce ya tara ya tara, abin da kika ce ya cire ya cire. Na mayar miki na ce ya yi. Ba ƙarya na yi ba, iyakar abin da kika tambaya ke nan.

Abin da ba ki tambaya ba shi ya zaunar da ni. A saman tablon, kafin haya, kafin abinci, kin buɗe layi kin sa masa suna "gona". Kin zuba masa kusan rabin albashinki kowane wata, kin ƙara da avansi, wato bashi kan albashi, da kike niyyar ɗauka a banki, don ki fanshi gonarmu ta bakin fadama, wadda ke jingina a hannun Alhaji Tankari, kafin ruwan shuka. Ban san wa ya gaya miki an sa mana wa'adi ba, amma gidan da innarki take ba a rasa mai faɗa. Don layin ya cika, kin matse abincinki har ya koma abin da ba zai riƙe mai tsayuwa kan marasa lafiya daga safe zuwa yamma ba, kuma ba ki bar ko dala ta ajiya ba. Na ga hannuna a cikin wannan aikin. Da tablo irinsa gonar ta fita hannuna, don haka ki yi haƙuri in gaya miki yadda aka yi tun daga farko, ko da kin san rabinsa.

Lokacin da aka kawo kwamfuta merinmu, ni aka tura Dutsi koyo, don ni kaɗai idona ke ganin ƙananan baƙaƙe ba gilashi. Na dawo ina ji da kaina. Harajin kasuwa, tikitin dabbobi, kuɗin rumfuna, duk in zuba su cikin gidaje, in danna, jimla ta fito, shugabanmu ya riƙa kiran baƙi su zo su ga abin mamaki. Sai na ce me zai hana in yi wa gidana. Ranar da albashi ya shigo in zauna in raba shi: hatsi kaza, cefane kaza, sabulu kaza, kananzir kaza. Jimlar ƙasa ta fito daidai, har da ɗan saura. In rufe in tafi gida ina ganin na gama da watan. Ba na sake buɗe shi sai wani albashin ya zo, abin da na kashe a tsakani kuwa ba ya shiga ko'ina. Haka na daɗe, tablona yana cewa ina da saura, mai teburin bakin titi kuma yana cewa yana bina bashin sukari da shinkafa, kuma shi ne mai gaskiya.

Naki ma gida ɗaya ne ga kowane wata, gidan niyya. Ki ƙara na biyu a gefensa, na abin da ya faru, da na uku wanda zai nuna bambancinsu. Na biyun shi ne aikin, kuma ba shi da daɗi. Ki rubuta a ranar da kika kashe, tun canjin yana hannunki, ko na ƙosai ne. Ku kun samu, wayar tana aljihu. Ni sai na jira an tada injin wuta a buro, kafin nan na manta rabi, sauran rabin kuma na gyara shi yadda zai yi kyan gani.

Wani ƙaramin abu da ya taɓa sa ni jin kunya: a baki dala muke ƙirga, a takarda sefa. Innarki ta ce ta sayi mai na ɗari, in rubuta ɗari, alhali albashin da ke sama da sefa na rubuta shi, man nan kuwa sefa ɗari biyar ne. Na yi wata guda ina yabon kaina da iya tattali kafin in gano. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai, sefa ta fi, don da ita ake biyanki.

Kuskure na gaba ya fi tsada, kuma kwamfutar ce ta sauƙaƙa mini shi. An koya mana yadda za ka cika wata ɗaya, ka ja shi, ya kwafu a sauran watannin duka. Na ji daɗin jan nan ƙwarai. Shekarata ta fito sumul, kowane wata kamar ɗan'uwansa. Shekarar Arewa kuwa ba haka take tafiya ba, kuma na san wannan tun ban san baƙi ba. Da kaka hatsi yana zube a kasuwar Kore Mairuwa, manomi yana neman kuɗin haraji da na motar tafiya bida, wato ci-rani, yana sayarwa yadda aka taya. Da damina rumbuna sun yi ƙasa, tiyar nan guda ta ninka. Gonar fadama tana ciyar da mu rabin shekara, sauran rabin awo nake yi. Maimakon in sayi buhunan rabin nan da kaka, sai in bi tablo, shi kuwa ya ce hatsi kaza kowane wata. Abin da ya fi muni, da kaka in kayan salla ko kuɗin littattafanki suka taso, abubuwan da ban ba su gida ba, sai in ɗebi hatsin gonata in sayar wa Alhaji Tankari, don shi ne babban mai sayen hatsi a garin. Da damina in koma rumfarsa in saya a ninki. Akwai shekarar da na sayo buhuna na kaina, na gane shi da ɗinkin bakinsa. Alhaji ya ga na gane, ya yi dariya, ni ma na yi, na biya.

Ke ma kin ja wata ɗaya ya cika miki shekara, na gani. Ki zauna ki rubuta abubuwan da ke zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara: salla, layya in Allah Ya hore, motar zuwa gida da tsaraba, zazzaɓin damina, gyaran rufin ɗaki, takalmi da rigar aiki. Ki sa kowanne a watansa, ki raba nauyinsa kan watannin da ke gabansa. In kaka ta yi can inda kike, ki tambayi matan gari, ki sayi abin da ke ajiyuwa. Watan da ya fito ja, wato kashewa ta fi samu, tun yanzu kin gode Allah, don kin gan shi yana zuwa.

Sai diber. Duk wanda ya yi aikin buro ya san layin nan na ƙarshe, inda ake zuba abin da ba shi da suna. A nawa tablon nan nake ɓoye abin da nake jin nauyin rubutawa. Shayin fada da nake saye wa mutum takwas don ni ne mai albashi. Goro. Maroƙa. Sakataren meri ba a yin suna a garin ba a kira shi ba, don gobe wurinsa za a zo neman takardar jariri, ni kuma ba na zuwa hannu sake, kuma ba na son a ce na ba da ƙasa da abin da daraktan lakwal, shugaban makaranta, ya bayar. Ga gudummawar biki, ga gaisuwar mutuwa, ga ɗan'uwa daga ƙauye da zai kwana biyu ya ce ba shi da na komawa. Wata rana na buga tablon a takarda na kawo gida don in nuna wa innarki cewa ita ke ɓarna a cefane. Tunda ba ta karatun boko, na karanta mata layi layi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wanga Diber ɗin ɗan wane gida na? Ya hi ɗiyanka ci, kuma ban taɓa ganin ya ɗebo muna ruwa ba." Ban sake kawo mata takarda ba, amma ban kori Diber ba.

Naki tablon ba shi da diber, ba shi kuma da layin zumunci ko ɗaya, kamar za ki zauna cikin daji. Ke ma'aikaciyar likita ce a ƙauye. Kafin ki san sunayen mutane za su san ranar albashinki. Matar da kika karɓi haihuwarta za ta kira ki suna, abokiyar aiki za ta kawo anko, mara lafiya zai rasa kuɗin magani yana kallon fuskarki. Wannan ba hatsari ba ne da ke faɗowa, abu ne tabbatacce kamar haya. Ki ba shi layi da sunansa, ki sa masa iyaka. In ya ƙare kafin wata ya mutu, ki tafi da ƙafarki ki yi barka ko gaisuwa, ki dawo. Za a yi magana kwana biyu, sannan a saba da ke a haka. Ni ban bari an saba da ni a haka ba, shi ya sa ranar da na rage hannu aka ce girman kai ya kama ni.

Yanzu ga babban. Akwai shekarar da aka ce an ƙara mana matsayi, za a biya mu rapel, wato cikon kuɗin watannin baya a dunƙule. Takarda ta fito, na gan ta da idona, da hatimi. A ranar na buɗe tablo na sa rapel cikin kuɗin shiga na wata mai zuwa. Jimla ta yi tsalle. Na kalli lambar nan har na ji kamar tana aljihuna. Kafin sati ya zagayo na ɗauko moto, wato babur, bashi wurin wani ɗan kasuwa a Dutsi, na ba shi ɗan abin da ke hannunmu na ajiya a matsayin kafin alƙalami, sauran in rapel ya zo. Wata ya zo rapel bai zo ba, sai na ɗauke lambar na matsar da ita gidan gaba. Wani watan na sake matsarwa. Abu ne mai sauƙi, yatsa ɗaya ke yinsa.

Ana cikin haka cikin Laminu da innarki ke ɗauke da shi ya zo da matsala. Kina ƙarama, kin tuna dai an kai ki gidan gwaggonki kin kwana biyu. Likitar garinmu suka ce sai Dosso, sai an yi aiki. Mota, jini, magani, abincin mai jinya, duk a rana guda, ni kuwa abin da na mallaka moto ne da ban gama biya ba da lamba a cikin kwamfuta. Na tafi wurin Alhaji Tankari. Bai ja ni da magana ba, ya ƙirgo ya ba ni, na jinginar masa da gonar fadama a gaban dattijai biyu, aka raba goro. Na ce bari in rubuta. Ya ce, "Haba Sakatare, tsakaninmu har sai takarda? Tahi ka kai iyalinka likita. Gona tana nan inda ka bar ta, randa ka samu ka kawo." Na ji daɗin maganar, na maida alƙalami aljihu. Ni da na rubuta wa gari duka takardu, tawa ban rubuta ba.

Ban yi da-na-sanin jinginar ba, innarki da Laminu suna nan da ransu. Abin da na yi da-na-sani a kai moton ne, da lambar da na sa a gidan da ba nata ba. Da ajiyar nan tana hannuna da ta kai mu Dosso ta dawo da mu. Don haka kada kuɗi ya shiga tablonki sai ya shiga hannunki. Wanda aka yi miki alkawari, ko da hatimi, ki buɗe masa wani shafi can gefe ki rubuta shi, kada ki haɗa shi da formil ɗin jimla. Na ga kin sa prim, wato alawus ɗin da aka ce ana ba masu aikin ƙauye tun daga watan farko. Ki fidda shi. In ya zo, sai ki yi murna sau ɗaya, a ranar da ya zo.

Za ki ce, to shekarun nan duka me ya hana ka fansa? Ni ma na tambayi kaina, amsar kuma ba ta da kyau. Kin san yadda jingina take a wurinmu: mai kuɗi yana noma gonar yana cin amfaninta, kai kuma ba wanda zai zo ƙofarka. Ba wa'adi, ba ƙari, ba aike. Mai moto yana zuwa buro duk ƙarshen wata ya zauna a benci yana gaishe ni da ƙarfi, shi kam ya sami layi a tablo, ya kuma sami kuɗinsa. Rapel da ya zo daga baya gutsure-gutsure, can ya tafi. Alhaji kuwa in mun haɗu a masallaci sai ya tambayi lafiyar iyali, shi ke nan. Bashin da ba ya magana ban taɓa buɗe masa layi ba. Kowace kaka in ce baɗi. Da na riƙa ware ko jika biyar a wata tun daga shekarar, da tuni mun koma nomanta ba tare da mun ji ba. Ga shi hatsin da take ba mu ya zama na awo, awon kuma ya cinye abin da zan fanshe ta da shi. In kin ci bashi, wanda ya fi shiru shi za ki fara rubutawa, da ranar da ke da kanki kika yanka masa.

Dattijan nan biyu ɗaya ya rasu, ɗayan ba ya gane mutane. Alhaji ma ya kwanta, harkokinsa sun koma hannun ɗansa Mustafa. Bayan an gama yankan hatsi ya zo har gida, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya ce, "Baba Sakatare, tsoho ya gaji. Malamai sun ce cin amfanin gonar jingina riba ta, ni ko ba ni son shi tahi lahira da ita. Mu yi abin ga kler, a hili. Ko ka kawo kuɗɗinmu kahin ruwan shuka ka amshi gonarka, ko mu cika ma kuɗɗi ta zama saye." Na ce, "To hatsin da kunka ci shekarun ga, za a cire shi cikin bashin?" Ya ce wannan sai ya tambayi malamai. Har yau tambayar ba ta dawo ba. Duk da haka ban riƙe shi da mugunta ba. Da ya so, da ya jira ubansa ya cika ya ce saye ne tun asali, ba ni da takarda, ba ni da shaida. Bai yi haka ba.

Bayan na ga tablonki na kwafi lambobinki a takarda, na je meri na ari tsohuwar kwamfutata. Na yi abin da tablo ya fi komai iyawa, wanda ban taɓa yi wa kaina ba: na canza lamba ɗaya in ga abin da zai biyo baya. Na ce a ce albashin farko ya yi nauyin ƙafa, yadda yakan yi wa sabon ma'aikaci. Wata na biyu ya yi ja. Na mayar, na ce a ce prim bai zo ba. Ya yi ja daga tsakiya har ƙarshe. Na mayar, na ce a ce kin kwanta zazzaɓi sati guda, ko an aiko ki zo gida da gaggawa. Nan ma ja. Ta hanya ɗaya kawai lissafin ke fita, ita ce in ba abin da ya same ki, ba abin da ya makara, ba wanda ya roƙe ki, daga yanzu har ruwan shuka. Ni ban taɓa ganin irin wannan shekarar ba. Kuma ko ta zo, za ki wayi gari da gona a Arewa, da bashin banki na shekaru a wuyanki, a garin da ba ki da uwa ba ki da uba. Yarinya ita kaɗai in ta rasa na haya ko na abinci, akwai masu taimako da yawa, kuma ba duka ne don Allah ba. Wannan shi ya tsaya mini a rai. Ki riƙa yi wa tablonki irin wannan gwajin kafin ki ɗauki kowane nauyi, ki tambaye shi mummunar tambaya, ba ya jin haushi.

Akwai kuma abin da ke ba za ki lissafa ba don kunya, ni zan lissafa miki. Da kin fanshe ta da guminki, sunana za ta koma. Ranar da na kwanta dama a raba, rabonki rabin na Laminu, kuma ba ke za ki noma ta ba. Laminu kuwa ko fartanya aka ba shi sai ya tambayi inda ake kunna ta. Ni gwiwata ta daina durƙuso mai tsawo. Za ki sayi gona da shekarunki na farko don tsoho ya riƙa zuwa yana zama ƙarƙashin gawo yana tuna ubansa.

Don haka ranar Juma'ar da ta wuce, kina can kina bankwana da ƙawayenki, na kira Mustafa muka je gaban mai gari. Na ce a cika mini ta zama saye. An yi ciniki, bai matse ni ba, ya cika. Wannan karon an yi takarda, ni na rubuta ta da hannuna, da iyakokinta huɗu, da shaidu masu sauran ƙarfi, na sa hannu. Gonar fadama ba tamu ba ce yanzu.

Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ubana ya share ta, a cikinta na koyi riƙe hauya, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya sayar da ƙasa. Da nake rubuta iyaka ta gabas sai da na sake layin. 'Yan'uwana za su yi magana, sun ma fara, kodayake cikinsu ba wanda ya taɓa tambayata nawa ne bashin. Da innarki ta kawo tuwo ta ce, "Ka gaya mata?" Na ce zan rubuta. Ta ce, "Kai dai komi sai takarda. Wadda ta kamata ka rubuta tun hwarko ba ka rubuta ba." Na ci tuwona.

Kuɗin cikon ba su kwana da yawa a hannuna ba, don na san hannun. Na sayi hatsin shekara tun yana araha, yana cikin ɗaki. Na saya wa innarki tumaki biyu, suna wurin Bello makiyayi. Na ware na karatun Laminu na ba innarki ta riƙe, na ce ko ni na tambaya kada ta ba ni. Da ɗan fanshona da wannan za mu kai baɗi ba mu nemi kowa ba.

Abin da nake so ki yi kaɗan ne. Ki buɗe wayar ki goge layin gona. Kada ki je banki neman avansi. Ki mayar wa abincinki abin da kika ƙwace masa, ki ci nama ko sau ɗaya a sati. A inda layin yake ki rubuta "ajiya", ki fara cika shi kafin komai, kuma kada ki aiko mana da ko dala sai ya kai abin da zai riƙe ki wata uku ba albashi. In kin aiko kafin nan zan mayar miki, kuma ke za ki yi asarar kuɗin aike. Kada ki kira gidan Alhaji, kada ki canza musu fuska in kin zo, sun ba ni kuɗi ranar da ba wanda ya ba ni.

Na san kin so ki yi mini wannan, na kuma san abin da kika yi niyyar hana cikinki don ki yi shi. Na gani, na karɓa kamar kin yi. Ba ki kasa ba, ni na riga ki. Ban shawarce ki ba don na san za ki ce a'a, ni kuma ban iya gardama da ke ba. In za ki yi fushi da ni ki yi, kina da gaskiya, amma ki yi shi kina ƙoshe, hayarki a biye, ba wanda ke binki.

Allah Ya tsare ki a kwance da tsaye, Ya tsare ki a hanya da wurin aiki. Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga waɗanda za ki duba, Ya sa albarka a abin da za ki samu, kaɗan ko mai yawa. Ya raba ki da bashi da mai neman ki ci bashinsa. Ya maido mana ke lafiya, Ya sa ki tarar da mu lafiya. Ki gaida mai gidan da kika sauka da shugaban aikinki, ki ce ubanki ya gode.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki.